Tambayoyi da Amsoshi: Neman Amsoshi Masu Yawa a Lissafin Hulɗa da Bazuwa

Ɗalibin lissafi yakan taso da sabon cewa kowace tambaya amsarta ɗaya ce: a warware, a ja layi biyu a ƙasa, a wuce. Sabon nan yana yi masa aiki har ranar da ya iso ga lissafin da ke bayyana yadda zafi, sinadari ko halittu suke bazuwa suna kuma hulɗa. A nan tambaya ɗaya takan zo da amsa biyu, ko bakwai, ko ma marasa adadi, kuma kowacce daidai take. Ga tambayoyin da masu shigowa fannin suka fi yi.

Mene ne ikweshan na hulɗa da bazuwa?

Ikweshan ne da ya haɗa abubuwa biyu da ke faruwa a lokaci guda. Mu ce u shi ne yawan wani abu a wani wuri, ko zafi, ko sinadari, ko adadin wasu ƙwari. Ana rubuta shi haka: ∂u/∂t = D∇²u + f(u), inda ∂u/∂t yake saurin canjin u da lokaci, D kuma ma'aunin ƙarfin bazuwa. Kashi na farko a dama shi ne bazuwa, wato yadda abu ke barin inda ya yi yawa ya nufi inda ya yi ƙaranci, kamar ɗigon tawada a cikin ruwa. Joseph Fourier ya tsara lissafinta game da zafi a 1822, Adolf Fick kuma game da sinadarai a 1855. Kashi na biyu, f(u), shi ne hulɗa: abin da ke faruwa nan take a wurin, haihuwa ce, ko mutuwa, ko ƙonewa, ko haɗuwar sinadari da ɗan'uwansa.

Bazuwa shafe bambanci take yi. Hulɗa kuwa tana iya hura shi. Duk abin da za mu tattauna a nan daga wannan ja-in-ja ya fito.

A 1937 Ronald Fisher a Ingila, da Kolmogorov da Petrovsky da Piskunov a Mosko, suka yi nazarin hulɗa irin ta f(u) = ru(1 − u), inda r yake saurin ƙaruwa, kowane ɓangare da kansa. Fisher yana son sanin yadda ƙwayar gado mai amfani ke yaɗuwa cikin al'umma. Aka gano cewa tana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma mafi ƙarancin gudunta shi ne 2√(rD).

Me ya sa amsa take wuce ɗaya?

Saboda f ba miƙaƙƙe ba ne. A miƙaƙƙen lissafi, idan ka ninka sanadi biyu sakamako ma ya ninka biyu, kuma hanyoyi uku kacal ke akwai: ko amsa ɗaya, ko babu, ko jerin amsoshi marasa adadi. Ba za ka taɓa samun amsa biyu cif ba, domin da ka samu biyu to duk abin da ke tsakaninsu ma amsa ne.

Da zarar u² ko u³ ko eᵘ ya shigo, wannan dokar ta rushe. Ka tuna x² = 4, wanda amsarsa 2 ce da −2, kuma sifirin da ke tsakiyarsu ba amsa ba ne. Abin da ke faruwa ke nan a nan ma, sai dai yanzu kowace amsa cikakkiyar siffa ce da ta mamaye fili gaba ɗaya, ba lamba guda ba.

Ke nan abu ɗaya zai iya faruwa ta hanya biyu daga mafari ɗaya?

A'a, kuma wannan ruɗanin yana damun mutane da yawa. Idan ka faɗi halin da abu yake ciki a farko, da sharaɗin da ke iyakar filin, kuma f mai santsi ne, to hanya ɗaya ce tak abin zai bi, aƙalla na wani lokaci. Yawan amsoshin da ake magana a kai ya shafi tsayayyun amsoshi ne, wato siffofin da ba sa canzawa da lokaci, waɗanda ke cika D∇²u + f(u) = 0. Su ne masaukan da tafiya za ta iya ƙarewa. Matafiyi ɗaya masauki ɗaya zai sauka, amma masaukan suna da yawa, kuma inda ya taso shi ke zaɓa masa.

Na ce "na wani lokaci" ne don akwai ikweshan da amsarsu ke haurawa ba iyaka cikin ƙayyadadden lokaci. Hiroshi Fujita ya nuna haka a 1966 ga f(u) = uᵖ a fili marar iyaka, idan p ya wuce 1 amma bai kai 1 + 2/n ba, inda n yake adadin fuskokin filin, wato 1 ga layi, 2 ga shimfiɗa mai tsawo da faɗi, 3 ga sarari mai tsawo da faɗi da zurfi.

Akwai misalin da mutum zai iya bi da hannunsa?

Akwai, kuma ina ganin duk mai son fannin nan da shi ya kamata ya fara. Ana kiransa matsalar Bratu: u″ + λeᵘ = 0 tsakanin x = 0 da x = 1, tare da u = 0 a kowane baki. Ka ɗauka wani faifai ne na abu mai iya kamawa da wuta, cikinsa yana haifar da zafi, gefunansa biyu kuma a sanyaye. u shi ne ƙarin zafi, lamda kuma, wato λ, tana auna ƙarfin samar da zafin idan an kwatanta da saurin fitarsa. Wannan shi ne lissafin da David Frank-Kamenetskii ya gina nazarinsa na fashewar zafi a kai a Tarayyar Sobiyet a 1939.

Idan λ = 1, akwai amsa biyu. A ta farko zafin tsakiya kusan 0.14 ne, faifan ya ɗan ɗumama ke nan kawai. A ta biyu zafin tsakiya kusan 4.09 ne. Dukansu sun cika ikweshan ɗin da sharuɗɗan bakin ba tare da ko kuskure ɗaya ba. Ka ƙara λ, sai ta ƙasa ta riƙa hawa, ta sama ta riƙa sauka, har su haɗu a λ kusan 3.5138, inda zafin tsakiya yake kusan 1.19. A wurin amsa ɗaya ce. Ka gota wurin ko da ƙanƙani, babu tsayayyar amsa ko ɗaya. A zahiri ma'anarsa ita ce zafin da ake samarwa ya fi ƙarfin abin da bazuwa ke iya kwashewa, sai abin ya kama da wuta.

Idan ka zana zafin tsakiya a tsaye, λ a kwance, za ka ga layi ɗaya da ya tafi dama, ya sha kwana a 3.5138, ya dawo hagu yana hawa. Wannan kwanar ake kira lanƙwasa. Amsoshin biyu ashe reshe ɗaya ne da ya naɗe.

Frank-Kamenetskii ya auna faifan ne da rabin kaurinsa, shi ya sa a littattafan injiniya za ka tarar da 0.878 maimakon 3.5138. Ka raba ta biyun da huɗu ka gani. Ga abu mai siffar bututu iyakar ita ce 2, ga mai siffar ƙwallo kuma kusan 3.32.

Amsoshi nawa za a iya samu? Akwai iyaka?

Babu wata iyaka ta bai ɗaya. Ya danganta da f, da girman filin, da siffarsa.

Nathaniel Chafee da Ettore Infante sun ba da ƙidaya cikakkiya a 1974 ga u″ + λ(u − u³) = 0 tsakanin 0 da π, da sifiri a bakuna. Idan λ ba ta wuce 1 ba, sifiri kaɗai ne amsa. Ta wuce 1, sababbi biyu sun ɓullo, ɗaya tudu ɗaya kwari. Ta wuce 4, wasu biyu sun ƙaru, masu tudu da kwari a jere. Ta wuce 9, wasu biyu kuma. Ƙa'idar ita ce, idan λ ta wuce n² amma ba ta wuce (n + 1)² ba, amsoshin 2n + 1 ne. A λ = 10 ke nan bakwai ne.

Abin da ya fi ban mamaki yana cikin matsalar Bratu ɗin nan ce idan an kai ta cikin ƙwallo mai fuska uku. A can reshen ba sau ɗaya yake shan kwana ba. Yana kaiwa yana komowa a kewayen λ = 2, kowace kwana ta fi ta baya matsewa, har abada, don haka a λ = 2 daidai amsoshin ba su ƙidayuwa. Wannan ya fito a rubutun Israel Gelfand, shi ya sa wasu ke kiran matsalar da sunansa. A 1973 Daniel Joseph da Thomas Lundgren suka kammala hoton: kai-komon nan yana faruwa daga fuska 3 zuwa 9, amma daga fuska 10 zuwa sama reshen ba ya lanƙwasa sam.

Siffar fili ma tana da baki a maganar. Stanislav Pohozaev ya nuna a 1965 cewa ∇²u + uᵖ = 0 ba shi da amsa mai ɗaukar ƙima sama da sifiri a cikin ƙwallo mai fuska uku, da u = 0 a bakinsa, idan p ya kai 5 ko ya wuce. Ka huda tsakiyar ƙwallon ka cire ƙaramin ƙwallo, amsa ta samu.

Duk waɗannan amsoshin ana ganinsu a zahiri?

Ba duka ba. A nan sai a bambanta tsayayyar amsa da kafaffiya. Ƙwallon da ke gindin kwano a tsaye yake kuma a kafe: ka taɓa shi ya dawo. Wanda aka ɗora a kan kifaffen kwano shi ma a tsaye yake, amma iska kaɗan ta isa ta gangarar da shi. Ana gwada wannan ne ta hanyar yi wa amsar ɗan ƙaramin motsi a lissafce, a duba ko motsin zai mutu ko zai girma. Lambobin da ke faɗin haka su ake kira aigenbalu, kuma ɗaya tak ta haura sifiri, amsar ba kafaffiya ba ce.

A matsalar Bratu ta ƙasa ce kafaffiya. Cikin bakwai ɗin Chafee da Infante biyu ne kawai, wato tudu guda da kwari guda. Akwai ma sakamakon da Casten da Holland suka samu a 1978, Hiroshi Matano kuma a 1979: idan ikweshan ɗaya ne, ba abin da ke shiga ko fita ta iyaka, filin kuma ba shi da loɓawa ta ciki, to duk kafaffiyar amsa shimfiɗaɗɗiya ce, ƙimarta ɗaya ko'ina. Matano ya kuma nuna cewa a fili mai ɗakuna biyu da siririn lungu a tsakani, ɗaki ɗaya zai iya zama a wani hali, ɗayan a wani, kuma su dawwama a haka.

To me zai sa a wahala neman waɗanda ba kafaffu ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi, domin mutane da yawa suna yin watsi da su, kuma a ganina babbar asara ce. Amsar da ba kafaffiya ba ita ce kan iyaka. A matsalar Bratu, idan zafin farko yana ƙasa da amsar sama a ko'ina, faifan zai huce ya koma ta ƙasa. Idan yana sama da ita a ko'ina, wuta ta tashi. Injiniyan da ke son sanin yawan zafin da ma'ajiyar sinadari za ta iya jurewa kafin ta kama, amsar saman nan yake nema, duk da cewa ba zai taɓa ganin ta zaune a ɗakin gwaji ba.

Haka yake a nazarin halittu. Ka ɗauki f(u) = u(1 − u)(u − a), inda a take tsakanin 0 da 1. Sifiri kafaffe ne, wato ƙarewar jinsi. Ɗaya ma kafaffe ne, wato cikar fili. Ita kuwa a ba kafaffiya ba ce, amma ita ce mafi ƙarancin yawan da jinsi ke buƙata don ya rayu. Ita ce kuma ke yanke hukuncin wanda zai ci wani idan yankin da ya cika ya yi iyaka da wanda ba kowa: idan a ba ta kai rabi ba jinsin ne ke mamaya, idan ta wuce rabi shi ke ja da baya. Irin wannan f ɗin ne ke cikin samfurin FitzHugh na 1961 da Nagumo na 1962 na yadda saƙo ke gudu a jijiya, inda ƙaramar tsokana ke mutuwa, babba kuma ta tayar da saƙo cikakke.

Ga kuma wani dalili. Rassan da ba kafaffu ba su ne ke haɗa kafaffun. Sau da yawa reshe yakan yi siffar harafin S: ƙasa kafaffe, tsakiya ba kafaffe ba, sama kafaffe. Wanda bai bi ta tsakiyar ba ba zai san akwai na sama ba. Siffar nan ce ke bayyana dalilin da ya sa inda wuta ke kamawa daban yake da inda take mutuwa, ta yadda mayar da λ inda take a da ba ya mayar da abin halinsa na da. Weisz da Hicks sun nuna irin wannan a 1962 a ƙwayoyin da ake zubawa cikin tukwanen masana'anta don hanzarta hulɗar sinadarai.

Ta yaya ake tabbatar da cewa amsoshi suna nan ba tare da an rubuta su ba?

Mafi yawan ikweshan ɗin nan ba su da amsar da za a iya rubutawa da alƙalami, don haka masana sun ƙirƙiro hanyoyin kama amsa ba tare da an ga fuskarta ba.

Mafi sauƙin fahimta ita ce ta rufi da daɓe. Ka nemo siffa ɗaya da ta yi yawa, wadda ikweshan ke tura ta ƙasa, da wata da ta yi kaɗan, wadda yake tura ta sama. Idan ta biyun tana ƙarƙashin ta farko, akwai amsa a tsakaninsu. David Sattinger ya tsara wannan da kyau a 1972. Herbert Amann kuma ya nuna a shekarun 1970 cewa idan ka samu irin wannan tagwayen har kashi biyu, ɗaya bisa ɗaya, amsoshin aƙalla uku ne. Ta ukun tana fitowa ne daga wata ƙidaya da Jean Leray da Juliusz Schauder suka kafa a 1934, inda kowace amsa ke ɗauke da alamar +1 ko −1, jimillarsu kuma ba ta canzawa. Ka san jimilla 1 ce, ka riga ka samu biyu masu +1, to dole akwai wata mai −1 a ɓoye.

Hanya ta biyu ta makamashi ce. Ikweshan guda ɗaya irin wannan yana da wani ma'aunin makamashi da kowace siffa ke da nata, amsoshi kuma su ne wuraren da ƙasar makamashin ta daidaita ba gangara. Ka ɗauka kana cikin kwari da duwatsu suka kewaye, kuma ka san akwai wani wuri a bayan duwatsun da ya fi naka zurfi. Kowace hanya zuwa can tana da ƙololuwarta. Ka zaɓi hanyar da ƙololuwarta ta fi kowacce ƙasa, to wannan ƙololuwar mashigi ce mai siffar sirdi, ta wani ɓangare hawa ta wani sauka, kuma amsa ce. Antonio Ambrosetti da Paul Rabinowitz suka tabbatar da wannan a 1973, kuma har yau yana cikin sakamakon da aka fi amfani da su a fannin.

Ta uku ita ce bin rabuwar reshe. Michael Crandall da Rabinowitz sun nuna a 1971 cewa inda aigenbalu guda ɗaya ta ƙetare sifiri, sabon reshe yana tsirowa daga tsohon. Wuraren 1, 4, 9 na Chafee da Infante ke nan.

Na sa kwamfuta ta warware, kullum amsa ɗaya take ba ni. Ke nan ita kaɗai ce?

Ko kusa. Idan kana bin lokaci ne mataki-mataki har abin ya lafa, kafaffun amsoshi kaɗai za ka taɓa gani, kuma cikinsu ma sai wadda mafarinka ya kai ka. Idan dabarar Newton kake amfani da ita, wato wadda ke gyara hasashe sau da sau har ya kai ga amsa, ita ba ruwanta da kafuwa, tana iya kama kowace iri, amma tana zuwa ne inda hasashenka na farko ya ja ta. Ka fara matsalar Bratu da u = 0, amsar ƙasa za ka samu ko sau dubu ka maimaita. Ka fara da tudu mai tsayi kusan 4, ga ta sama nan.

Jefa hasashe barkatai yana ɗan taimakawa, amma ba abin dogaro ba ne. Wasu amsoshin ƙofarsu ƙunci gare ta ƙwarai, sai ka yi jifa dubbai ba ka dace ba.

Mece ce dabarar bin reshe?

Ita ce ginshiƙin aikin. Ka fara daga inda ka san amsa, misali λ = 0 inda u = 0. Ka ɗan ƙara λ, ka yi amfani da tsohuwar amsa a matsayin hasashe, Newton ya gyara maka, ka sake matsawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Matsalar tana zuwa ne a lanƙwasa. A can matiriks ɗin, wato jadawalin lambobin da Newton ke buƙatar juyawa, ba ya juyuwa, kuma gaba babu amsa. Herbert Keller ya kawo maganin a 1977: a daina ɗaukar λ a matsayin jagora, a mayar da ita cikin abubuwan da ake nema, a riƙa auna tafiya da tsawon da aka ci a kan reshen kansa. Da haka lissafi yana shan kwanar lafiya ƙalau ya dawo ta reshen sama. A kan hanya ana sa ido kan aigenbalu, duk inda wata ta ƙetare sifiri a tsaya a duba ko sabon reshe ya tsiro, a bi shi shi ma. Manhajar AUTO ta Eusebius Doedel, wadda ta faro tun farkon shekarun 1980, a kan wannan aka gina ta. Akwai kuma MatCont, da pde2path ga filaye masu fuska biyu ko uku.

Rauninta ɗaya ne, amma babba: abin da ke haɗe da inda ka faro kaɗai take gani. Akwai rassan da ke zaune su kaɗai kamar tsibiri, wani lokaci rufaffen zobe ne, ba abin da ya haɗa su da sauran.

Yaya ake isa ga irin waɗannan tsibiran?

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta toshe amsar da aka riga aka samu. Tushenta tsoho ne: wanda ya gano tushe ɗaya na folinomiyal, wato lambar r da ke mayar da lissafi irin x³ − x sifiri, yakan raba da x − r don kada ya sake faɗawa kansa. Brown da Gearhart sun faɗaɗa wannan zuwa tarin ikweshan a 1971, sannan Patrick Farrell da Ásgeir Birkisson da Simon Funke suka daidaita shi ga irin namu a 2015. Idan F(u) = 0 kake warwarewa, ka kuma samu u₁, sai ka ninka F da 1/‖u − u₁‖² + 1, inda ‖u − u₁‖ yake nisan u daga u₁. Kusa da u₁ wannan abin ninkawa yana yin girma ƙwarai, ya kori Newton daga wurin. Nesa da ita kuwa kusan 1 ne, don haka sauran amsoshin suna nan yadda suke. Ka sake farawa daga hasashen nan dai na farko. In ka samu u₂ ka toshe ta ita ma, ka ci gaba. Gyaran da ake yi wa manhaja kaɗan ne, shi ya sa ta karɓu.

Sai dai a kiyaye: ranar da Newton ya kasa samo sabuwa, abin da hakan ke nufi kawai shi ne ya kasa. Ba hujja ba ce cewa sun ƙare.

Ga masu neman amsoshin sirdi kuma, Choi da McKenna sun mayar da hujjar mashigin duwatsu ta zama dabarar kwamfuta a 1993, Li da Zhou suka faɗaɗa ta a 2001 zuwa sirdin da ke da gangara fiye da ɗaya.

Babu hanyar da ke ba da dukkan amsoshi gaba ɗaya?

Akwai, idan f folinomiyal ne kuma matsalar ƙarama ce. In ka yanka filin zuwa ɗigo N, ikweshan ya koma tarin ikweshan na aljabara guda N. Ƙa'idar Bézout ta ce idan kowanne yana da u³, keɓaɓɓun amsoshi ba za su wuce 3ᴺ ba. Sai a fara da wani tari mai sauƙi da aka san duk amsoshinsa, a riƙa sauya shi a hankali har ya rikiɗe ya zama namu, ana bin kowace amsa. Manhajar Bertini tana yin haka. Amma ɗigo 20 kacal sun ba da hanyoyi 3,486,784,401, kuma mafi yawansu suna ƙarewa ne a amsoshin da ba na zahiri ba. Shi ya sa masu wannan hanya kan fara da raga mai manyan idanu, su tace, sannan su ƙara ɗigo.

Ta yaya zan san amsar da kwamfuta ta ba ni ta gaske ce?

Ka yi zarginta tukuna. Yanka fili zuwa ɗigo yana haifar da amsoshin bogi, waɗanda na ragar ne ba na ikweshan ba. Alamarsu ita ce zigzag daga ɗigo zuwa ɗigo. Ka ninka yawan ɗigon biyu: ta gaske za ta tsaya kusan inda take, ta bogi za ta ɓace ko ta sauya kama. Ka kuma duba ko amsoshi biyu da kake ƙirgawa ɗaya ce aka juya ko aka haska a madubi, don a fili mai murabba'i ko da'ira wannan yana kumbura ƙidaya. Jimillar +1 da −1 ɗin nan ma tana aiki a nan: in lissafinta bai cika ba, akwai wadda ta kuɓuce maka.

Wanda ke son tabbaci irin na hujja yana da hanya. Ana haɗa ƙa'idar Kantorovich ta 1948, wadda ke faɗin lokacin da Newton zai kai ga amsa tabbas, da lissafin tazara da Ramon Moore ya shimfiɗa a 1966, inda kwamfuta ke riƙe iyakar sama da ta ƙasa ta kowace lamba. Da su ake tabbatar da cewa akwai amsa ta haƙiƙa a cikin ɗan kewayen wadda aka lissafo. Mitsuhiro Nakao a Japan da Michael Plum a Jamus suna cikin waɗanda suka gina wannan fage.

Ina alaƙar wannan da zanen jikin dabbobi da ake dangantawa da Turing?

Alaƙa ce ta kai tsaye. A 1952 Alan Turing ya nuna abin da hankali bai zata ba: idan sinadarai biyu ne, bazuwa da kanta tana iya rusa shimfiɗaɗɗen hali ta haifar da zane. Alfred Gierer da Hans Meinhardt sun fayyace sharaɗin a 1972: ɗaya mai zuga ne, yana ƙara kansa amma ba ya nisa, ɗayan mai hanawa ne, kuma ya fi saurin bazuwa. An jira har 1990 kafin ƙungiyar Patrick De Kepper a Bodo ta Faransa ta ga irin zanen a ɗakin gwaji. A 1995 Shigeru Kondo da Rihito Asai suka nuna cewa ratsin jikin wani kifin teku yana sake jeri yayin da kifin ke girma, kamar yadda lissafin ya hango.

A irin wannan tsarin yawan amsoshi ya wuce misali. A kan lambobi iri ɗaya ana iya samun ɗigo-ɗigo, da ratsi, da ratsi mai faɗi daban, duk kafaffu. John Pearson ya nuna tarin irinsu a samfurin Gray da Scott a 1993. Christopher Klausmeier kuma ya yi amfani da irin lissafin a 1999 wajen bayyana yadda tsirrai ke jeruwa layi-layi a busassun yankuna, inda a kan ruwan sama iri ɗaya fili zai iya zama da ciyayi ko ya zama fako. Wahalar ita ce mafi yawan tsarin sinadarai biyu ba su da ma'aunin makamashi, don haka hujjar mashigin duwatsu ba ta aiki, sai dai bin reshe da toshewa.

Ƙirƙirarriyar basira fa, ba ta sauƙaƙa aikin ba?

Ana gwadawa, musamman tun 2019 da Raissi da Perdikaris da Karniadakis suka yaɗa hanyar horar da ragar jijiyoyin kwamfuta da ikweshan kansa. Amma ita ma amsa ɗaya take faɗawa a kowane horo, gwargwadon inda aka fara, sai an haɗa mata da toshewa ko bin reshe. A ganina inda ta fi amfani shi ne samar da hasashen farko, a miƙa wa Newton ya kammala, sannan a bi duk gwaje-gwajen da aka ambata a sama.

Daga ina sabon shiga zai fara?

Daga Bratu. Ka yanka tazarar 0 zuwa 1 gida 100, ka rubuta Newton da hannunka a Python ko MATLAB, ka samo amsoshi biyun a λ = 1, ka tabbata tsakiyarsu ta ba ka 0.14 da 4.09. Sannan ka riƙa ƙara λ har lissafin ya tsaya cik kusa da 3.51, don ka ga lanƙwasa da idonka kafin ka rubuta dabarar Keller ka sha kwanar. Bayan nan ka koma kan Chafee da Infante a λ = 10, ka fara daga hasashe ɗaya, ka yi ta toshewa, in ta ƙi ka sauya hasashen. A nan ka riga ka san bakwai ne, don haka in ka tsaya a biyar ka san saura biyu, kuma mai yiwuwa masu tudu da kwari uku ne, domin a λ = 10 ba su daɗe da rabuwa da sifiri ba, tsayinsu kaɗan ne.